Yaran da Suka Dawo da Faransanci

Ranar da kuka zo kama aiki na ji ɗayanku yana cewa a ɗakin malamai shi Faransanci ya zaɓa domin babu wahala a cikinsa, gaisuwa ce da waƙa, yara su maimaita, a buga ƙararrawa kowa ya watse. Amma tun da shugaban makaranta ya roƙe ni in zauna da ku kafin in miƙa muku azuzuwan, bari in gaya muku yadda aikin ya kasance a hannuna, kusan shekara talatin, tsakanin Kaura, Shinkafi da Zurmi.

Ni mutumin Zurmi ne, gidanmu gidan malamai. Mahaifina limamin unguwa ne, ya sa ni boko ne bayan na yi nisa a allo. Faransanci kuwa ta hanyar kawuna ya same ni, wani mai fataucin gero da wake zuwa Maraɗi. A wani hutu na bi shi. Da muka isa kan iyaka aka tsayar da motar, jandarma, wato jami’in tsaron Nijar, ya nuna mana wani allon sanarwa da sanda, ya koma inuwa ya zauna. Motar cike da manya, har da alhazai da mahaddata, aka turo ni gaba tun da ni ne ɗan boko. Haruffan duk na san su, amma ko kalma ɗaya ban gane ba. Nan muka yini a rana. Da na dawo na ce wa mahaifina abin da nake so in karanta ke nan a kwaleji.

Ya ce, “Turanci bai ishe ka ba, sai ka ƙara da harshen wasu Nasara?”

Na ce, “Baba, waɗanda ka rubutu da shi can ba Nasara na ba. Dangin Inna na, da abokan cinikin Kawu.”

Can ya ce, “In don maƙwabta na, tahi. Amma karatun asuba ba ka barinai.”

Takardar kwaleji ba ita ta koya mini aikin ba. Wanda ya koya mini wani dattijo ne Bazabarme, Sumana, da ya daɗe yana koyarwa a wata sakandare a nan Kaura. Kowa Mushe Sumana yake ce masa, domin a Nijar haka ake kiran malamin makaranta. Yaranmu na dariyar sunan a ɓoye, kun san abin da mushe yake nufi a wurinmu, shi kuwa bai taɓa damuwa ba. Daga baya ni ma sunan ya bi ni, har yau akwai masu gemu da ke tsayar da ni a kasuwa da shi.

Da aka tura ni wurinsa gwajin koyarwa, bai ba ni alli ba. Benci ya nuna mini a bayan aji, ya ce, “Kada ka dube ni. Dubi bakinsu, dubi yatsunsu.” Na zauna nan makonni ina ganin ɓata lokaci ne. Wata rana bayan an tashi ya tambaye ni su wane ne ba su iya karatu ba a ajin. Na ce ai duk suna karantawa, ina jin su. Washegari ya rubuta jimla a allo, aji ya ɗauka baki ɗaya kamar kullum. Sai ya kira wani dogon yaro da ya fi kowa murya, ya ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar layin, ya ce karanta wannan kaɗai. Yaron ya tsaya yana kallon allo. Ba Faransanci ne ya kasa ba. Ko da Hausa aka rubuta ba zai iya ba. Ya gama firamare da kunne, yana bin muryar na kusa da shi. Irinsa kuma suna da yawa a ajin.

A ranar Mushe Sumana ya gaya mini abin da na riƙe har na tsufa a aikin. Ya ce a duk sakandare babu darasin da ƙaton yaro zai koma kan a, ba, ca ba tare da kunya ba sai namu. A Turanci ana ɗauka ya iya, a lissafi ana ɗauka ya iya. A Faransanci kuwa kowa baƙo ne, ɗan hakimi da ɗan manomi duk daga farko za su fara. Saboda haka zangon farko gaba ɗaya a kan haruffa yake ƙarewa. Yakan ce zai koya musu yadda Faransawa ke furta baƙaƙe, amma kalmomin gwajin na Hausa ne: bado, dawa, gero, rani. Yaro yana zaton harshen waje yake koyo, alhali karatun da ya kuɓuce masa tun yana ƙarami ne ake mayar masa. Idan ya iya haɗa baƙi da wasali a Hausa, ya iya ke nan. Ba a koyon karatu sau biyu, harshe ne kawai ake ƙarawa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Littattafan da ake turo mana ba sa isa, kuma labaransu na dusar ƙanƙara ne da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai na koyi zuwa kasuwar Shinkafi da buhu, in bi rumfunan masu kayan Nijar ina roƙon kwalayen da suka zubar: na madara, na sabulu, na taliya, na maganin sauro. Duk da rubutun Faransanci a jiki, kuma yaro ya san abin da ke ciki tun kafin ya karanta. Ina da rediyo mai kaset da nake naɗar labaran tashar Nijar da shi. Ina kuma da ɗan madubi irin na mata. Akwai wasalin da sai ka tsuke baki kamar mai fito sannan ya fita, bayani ba ya koyar da shi, sai yaro ya ga bakinsa da idonsa.

Za ku tarar kowane yaro da abin da ya zo da shi daga gida. Bahaushe yana fama da p, ya mayar da ita f, ɗan Fulani kuwa yana da ita a harshensa, nan take yake kamawa. Shi kuma Bahaushe ba ya mamaki in ka ce masa tebur mace ne ko littafi namiji ne, domin a Hausa ma kowane abu da jinsinsa. Abin da kawai ke ba su dariya shi ne a Faransanci rana namiji ne, wata kuma mace. Wani yaro ya taɓa ce mini, “Mushe, mutanen ga komi nasu a juye yake.” Kada ku hana yaro harshen gidansu a aji. Da shi zai tsallaka zuwa wanda kuke koya masa.

Masu buƙatarku kuma ba ɗalibai kaɗai ba ne. Wata ranar kasuwa a Kasuwar Daji wani makiyayi ya biyo ni da kwalbar maganin tsutsar ciki da ya sayo daga tsallake, maruƙansa biyu sun mutu bayan ya ba su. Na karanta masa abin da ke jikin kwalbar: da nauyin dabba ake auna shi, shi kuwa ya yi wa ƙanana awon manya. Daga nan duk ranar kasuwa sai na tarar da masu jirana da kwalabe da buhunan taki. Wata tsohuwar ɗalibata da ke aikin jinya a Shinkafi ta gaya mini duk majinyacin da ya zo da katin asibitin Nijar ita ake kira. Duk da haka, duk lokacin da aka rasa malamai ko aka matse jadawali, darasinmu ake fara cirewa. Ku shirya wa wannan. Na sha koyar da tarihi da safe don a bar mini Faransanci da rana.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda aka rufe makarantu saboda ’yan bindiga. A lokacin ina Zurmi. Tun kafin a rufe, benci ya fara zama wayam. Ka kira suna, a ce an tashi garinsu. Ka kira wani, a ce an ɗauke ubansa a gona. Wasu iyalai sun yo Kaura, wasu Gusau, waɗanda ke kusa da iyaka kuma suka tsallaka Nijar da abin da kai zai iya ɗauka. Ɗakin da nake ajiye kayana aka sauke masu gudun hijira a ciki. Da na koma dubawa na tarar an hura wuta da kwalayen da na tara shekara da shekaru. Ban ga laifinsu ba, mata ne da yara, kuma da damina ne. Mushe Sumana ya riga ya rasu a garinsu kafin wannan. Na dawo Kaura na zauna babu aji, na koma noman ɗan filin da nake da shi kusa da gari, domin na nesa ba ya zuwuwa.

Aikin da nake so ku fi riƙewa bayan wannan ya zo. An buɗe makarantu, wasu daga cikin waɗanda suka tsallaka sun fara dawowa bayan sun yi shekaru a can. Garuruwansu ba su zaunu ba, sai suka raɓa a gefen Kaura. Wata rana Malam Bello, hedimastan wata firamare, ya zo har gida. Ya ce an kawo masa yara kusan cikin aji guda, manya-manya, iyayen sun ce sun yi makaranta a Nijar. Ya yi musu jarrabawa da Turanci kamar yadda doka ta ce, babu wanda ya rubuta abin kirki.

Ya ce, “Ni ban da inda zan sa su in ba aji ɗaya ba. Ga su kuwa wasu sun kusa kai ni tsawo. Taho ka gani, ko akwai abin da ni ban gani ba.”

Na tarar da su a tsaye a jikin bango. A bakin ƙofa akwai wata tsohuwa Bafulatana, Goggo Dije, riƙe da hannun jikarta Ramatu, yarinya mai kamar shekara goma sha uku. An kashe uban yarinyar, an kore shanunsu, tsohuwar ce ta ɗauke ta suka tsallaka. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, “Malam, in cikin ƙanana za a aje ta, ku hwaɗa min yanzu. Can ɗiyar makaranta ta, malaminsu har gida ya taho yana yabon ta. Ba ni barin a maishe ta jahila a garinmu. Sai mu koma inda munka hito.”

Na shiga aji na rubuta jimla uku da Faransanci a allo, na miƙa wa Ramatu sanda. Ta karanta tas, har da tsayawa inda ake tsayawa. Na ba ta lissafin rabawa da Faransanci, ta yi. Sauran yaran suka matso daga jikin bango, hannuwa suka tashi, kowa yana “Mushe, Mushe.” Malam Bello ya ce, “To, ashe harshe na ya raba mu.” Shi ya je ofishin ilimi da kansa ya roƙo a ba mu zango ɗaya kafin a sake yi musu jarrabawar. Aka yarda, bisa sharaɗin duk wanda ya faɗi zai koma ƙasa.

Aikin a juye na yi shi. A da daga Hausa nake kai yara Faransanci, yanzu daga Faransanci zan dawo da su Hausa, sannan Turanci. Na ce su rubuta sunayen garuruwansu. Wani ya rubuta Chinkafi, wata ta rubuta Zourmi, yadda aka koya musu a can. Na nuna musu inda Bafaranshe ke sa ch mu sh muke sawa, inda yake sa ou mu u kaɗai ta ishe mu. Na ƙara musu baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ba a jima ba suka fara karanta Hausa kamar sun daɗe da ita. Turanci ya fi ja, domin rubutunsa daban furucinsa daban, amma kalmomin makaranta da yawa kusan ɗaya suke da na Faransanci, sai dai a gyara baki. Yaran da kansu suka riƙa farautar irin waɗannan kalmomi a littafi suna kawo mini.

Wahalar ajin ba a haruffa take ba. Kusan rabinsu ’ya’yan manoma Hausawa ne, sauran ’ya’yan Fulani. Duka gudu ne ya kai su tsallake, amma kowane ɓangare da abin da yake ji a gida game da ɗayan. Da kansu suka raba benci, waɗannan dama, waɗannan hagu. Babban cikinsu wani yaro ne Lawali, daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi, a gabansa aka harbe ubansa. Ranar da na haɗa shi da Ramatu su yi hirar mai saye da mai sayarwa, ya ƙi tashi.

Ya ce, “Mushe, ni ba ni magana da ita. Su sunka kashe babana.”

Ramatu ba ta ɗaga kai ba, ta ce, “Nawa uban, wa ya kashe shi?”

Ban yi musu wa’azi ba, sun ji wa’azi da yawa kafin su zo wurina. Na ce wa Lawali ban ce ya yi mata magana da Hausa ba, ban ce ta amsa masa da Fulatanci ba. Darasi ne, kuma da Faransanci za a yi shi. Na ajiye gwangwanin madara a kan tebur na koma gefe. Ya daɗe a zaune. Can ya taso yana kallon taga, ya tambayi kuɗin madara. Ta faɗa. Ya ce ta yi tsada. Ta ce to ya je wani wuri. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka bi. Lawali bai yi dariya ba, amma ya ƙarasa cinikin har da godiya, kamar yadda darasin ya tanada.

Ba zan ce muku daga ranar suka zama ’yan’uwa ba. A filin wasa kowa da ɓangarensa har zangon ya ƙare. Abin da na lura shi ne in suna so su yi maganar da sauran ’yan makaranta ba za su ji ba, ko su yi gulmar wani malami, Faransanci suke juyawa, kuma a nan babu dama babu hagu. Harshe ne da ba na gidan kowa ba a cikinsu, ba a taɓa zagin uban wani da shi ba. Na riƙa haɗa su bibbiyu da gangan, mai ƙarfi a lissafi da mai ƙarfi a karatu. Ramatu ce ta fi jan Lawali a Turanci, domin shi ya fi kowa baya, yana rasa darasi saboda dako a tasha.

Da aka sake jarrabawar, yawancinsu sun samu ajin da ya dace da shekarunsu. Ramatu aka sa ta a aji shida, shekara ta zagayo ta shiga sakandare. Lawali bai ci ba. Malam Bello ya yi ƙoƙari a sa shi ko aji huɗu, amma Lawali ya ce ya girma, ga uwa ga ƙanne. Wani ɗan’uwansu ya ba shi babur, ya shiga kabu-kabu tsakanin Kaura, Banga da Kasuwar Daji. Wannan ma ku sa shi a lissafinku. Ba kowane yaro za ku kai inda kuke so ba. Ya dai fita yana karanta Hausa, yana rubuta saƙo a waya da hannunsa.

Bayan wani lokaci Goggo Dije ta koma wurin wasu danginta a wajen Banga, Ramatu kuma ta zauna a gidan wata malama a nan cikin gari saboda makaranta. In an yi hutu sai ta je ta duba tsohuwar. Kun san yadda hanyar take a lokacin. Matasan ƙauyuka sun kafa shinge suna tsaron garuruwansu, kuma duk wanda suka ga kamar Bafulatani sauke shi suke yi. Wasu an sake su bayan tambayoyi, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Masu babur da yawa ba sa yarda su ɗauki Fulani ma, don kada abin ya shafe su.

Goggo Dije ce ta ba ni labarin, ranar da ta shigo gari ganin likita ta biyo ta gidana da ƙwaryar nono. Ta ce a hutun da ya wuce Ramatu ta tsaya a tasha tun hantsi, duk wanda ta tsayar sai ya dube ta ya wuce. Lawali ne ya zo ya tsaya a gabanta, ta hau. Da suka kai shinge aka tare su. Wani mai bindigar toka ya leƙa fuskarta, ya ce ta sauka. Lawali bai kashe babur ba. Mutumin ya san shi, ya san abin da aka yi wa ubansa.

Ya ce, “Lawali, kai da kanka? Mi ya haɗa ka da wagga?”

Lawali ya ce, “’Yar ajinmu ta. In za ku sauke ta, ku sauke mu tare.”

Masu shingen suka dubi juna, suka ɗage itacen da suka tare hanya da shi. Ya kai ta har ƙofar bukkar tsohuwar, ya ƙi shiga ya sha ruwa, ya ce rana ta yi. Amma ya gaya wa Ramatu ranar komawa makaranta kada ta nemi wani, shi zai zo.

Na tambayi Goggo Dije ko ya zo. Ta ce ya zo, tun da sassafe.